Mudun Inna Dudu

Kafin ladanin Garwa ya gyara murya
kin ɗora buta gefen murhu ta sha ɗumi,
kada sanyin Binuwai ya raba ni da alwala.

Ko alif ba ki sani ba a allo.
Fatiha a bakinki na tsince ta,
kina tankaɗe, ina bin ki aya aya.

Ran da na cusa yatsa cikin mudu
don gyaɗa ta ragu, sefa ta ƙaru,
ba tsawa, ba harara.
Kika cika wa matar, kika ɗora gyara,
kika ce, "Ɗana, akwai ranar awo."

Yau ni ne a rumfarki.
Nakan cika, hannuna ya tsaya,
in ji muryarki,
in ƙara.