Daga Wooler zuwa Bakin Ruwa

Tun duku-duku muka bar Wooler,
ni da Ewart, tsohon direban bas,
shi da sandar matarsa, ni da burodi da gorar shayi.
Ya ce mil goma sha takwas ne.
Na ce ƙafa ba ta iya lissafi ba, tudu kawai ta sani.

Tumaki suka raka mu da ido,
kowace da shuɗin fenti a gadon baya.
Katangar duwatsu kuwa, na daina ƙirga a ta bakwai.
Taɓo ya haɗiye takalmina na hagu,
ya dawo mini da shi da nauyin biyu.

Hanyar nan ba tawa ba ce.
Waliyyin da suke nema bai san sunana ba.
Amma ina tsaye da kofin ruwa a ɗakin jinya
ranar da ya ce wa Glenys zai kai sandarta tsibirin,
wanda ya ji alkawari kuwa ya ɗauki rabinsa.

Azahar ta same mu a bakin wani kogo.
Na shimfiɗa rigar ruwa, na nemi alƙibla a waya,
shi ya tsaya ta inda iska ke fitowa
yana tauna tuffa a hankali, kada ya dame ni.

Bayan Fenwick gwiwarsa ta fara tsegumi.
Taku goma, hutu. Taku goma, hutu.
Muka tsallake titi, muka tsallake layin dogo,
rana tana zamewa ba ta waiwaye mu ba.

Da muka iso bakin yashi, teku ta riga mu.
Dogayen sandunan da ke nuna hanya
sun tsaya cikin ruwa kamar masu jiran hukunci,
ga tsibirin can, kamar ka miƙa hannu.

Ewart ya zauna, ya yi dariya har da tari.
"Shekara arba'in da ɗaya ina sa ta jira," ya ce,
"dare ɗaya ba zai ba ta mamaki ba."

Na kwance masa takalmi. Bororo biyu a diddige.
Shayin ya huce, muka raba shi haka nan.
Ya kafa sandar a yashi tsakaninmu,
muka zauna mu uku
muna kallon ruwa yana tasa tafiyar.