Kunnen Baba

Shida saura kwata, kafin shayi ya huce,
na murɗa akwatin, na miƙar da eriya
wadda muka ɗaure da zaren ɗinki tun bara.
Baba Sallau ya gyara tabarau, ya kafa wa bakina ido.
Shekara uku ke nan da kunnensa ya ajiye aiki.
A zauren nan na Kwarbai, ni ne rediyonsa.

Labarai. Mai karatu ya zazzago su gaba ɗaya:
motar da ta kife a hanyar Kano,
tsadar taki, taron da aka sake ɗagewa.
Na tsince su kamar shinkafa, na zubar da tsakuwar,
na kai baki gindin kunnensa:
"An ce za a gyara hanya, Baba."
Ya ce, "An ce."
Ya zura zare a allura bai ko duba ba.

Da hantsi, filin manoma.
Wani malami daga Samaru na bayanin tsutsar masara
da Hausar da ta sha boko ta ƙoshi.
Mu da ba mu da kunya ko ɗaya a gona
muka kasa kunne,
muna cike aska takwas a ƙirjin rigar wani.

Sha ɗaya, likita: a rage gishiri, a rage goro.
Wannan kam na faɗa masa duka, har da gyara.
Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi.

Bayan azahar, cigiya da sanarwa.
An tsinci akuya mai tsagaggen kunne a Ƙofar Doka.
Wani ya yar da makullai a tashar Sabon Gari.
Sai muryar ta yi ƙasa, ta ja numfashi:
Malam Barau mai zanen riga, na Jushi,
wanda ya zana duk askar da Baba ya taɓa cikewa.
Jana'iza bayan la'asar.

"Me suka ce?"
"Akuya ce ta ɓata, Baba."

Aka shiga wasan kwaikwayo.
'Yan'uwa uku na rigimar gadon shago,
ana buga ƙofar da babu ita,
wata na rusa kukan da aka biya ta ta yi.
Kullum nakan kwaikwaya masa su ɗaya bayan ɗaya,
har da murguɗa baki.
Yau na bar su suna ta yi.

Ya ce, "Garba, allurarka ta tsaya tun ɗazu.
Ba a tsai da allura don akuya.
Wane ne?"

Ban kai baki kunnensa ba.
Na ɗora yatsa a kan zanen da ke cinyarsa,
inda tawadar ba ta gama ɓuya a ƙarƙashin zare ba.
Ya daɗe yana kallo.
Ya soke allura a hula, ya ce, "Takalmina."

Muka bar akwatin yana magana da bango.
Ban san wanda ya ci shagon ba.

Bayan isha'i, da ƙasar kabari a farcenmu,
muka tarar da barkwanci:
wani ya je awon kai wurin tela
don a ɗinka masa wando.
Dariya ta kuɓuce mini, na tare ta da hannu.
"Faɗa mini."
Na faɗa.
Tasa ta zo a makare, kamar jirgin ƙasa,
ta zo da tari, ta zo da ruwa a ido.
"Barau ya fi shi iya ƙarya," in ji shi.

Sha ɗaya, suna sallama, sai gobe in da rai.
Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni.
Ya kifa tafinsa a bakin akwatin,
inda muryar ke kaɗawa kamar maƙogwaron mutum,
ya bar shi nan
har ta ɗauke.