Na Sha Uku

Dubu ashirin da bakwai, ɗari bakwai da ashirin:
ladan kwasar albasa a Goronyo,
Tunau ya rubuta bayan kwalin sukari.

In leburori biyu ne, ta rabu.
In bakwai ne, ta rabu.
Ko sha ɗaya masu gardama,
kwabo ba ya saura.
Har sha biyu ba ta ƙi kowa ba.

Da dare na ɓare ta kamar goro:
biyu, biyu, biyu, uku, uku,
biyar, bakwai, sha ɗaya.
Iyakar ƙashinta ke nan.

Da hantsi sai ga Nomau da kwandonsa.
Aka raba, aka sake.
Naira huɗu suka zauna bisa tabarma,
kowa na kallonsu,
Tunau na sosa ƙeya.