Rabin Kifi

Kafin zakarun Tarrafal su buɗe baki
mun riga mun cika randar jirgi da kabala,
'yan kifaye goma sha ɗaya, masu koren baya,
suna zagaya ruwa kamar masu neman ƙofa.

Kawu Firmino ne a sitiyari.
Ni ce mai allura.
Baƙonmu na yau Anselmo, likitan haƙori daga Porto,
ya biya kuɗin yini, ya shafe hancinsa da farin mai,
yana ta tambaya: yaushe za mu fara gudu?

Ba za mu fara ba.

Kawu ya rage inji har ya koma tari,
tafiyar tsohuwa mai dawowa daga coci,
don kada ɗan kifin da muke ja ya galabaita.
Matacce, in ji shi, juyi yake kamar ganye,
sera kuwa ba ta cin ƙarya.
Sera muke ce mata a nan. Baƙi su ce wahu.

Na ɗauko na farko da jiƙaƙƙen hannu,
yana makyarkyata a tafina.
Na zura allura ta saman idanunsa
inda zare ke wucewa ba jini,
na ɗaura ƙugiya a goshi,
ta biyu, mai waya, na maƙala ta wajen wutsiya.
Na ce masa: yi haƙuri, yi iyo.
Kullum sai na faɗa.
Kawu ya gaji da yi mini dariya.

Sai jira.
Dutsen tsibiri ya koma kamar tsinin wuƙa.
Rana ta hau, ta zauna mana a wuya.
Anselmo ya raba kuɗinsa da awoyi,
ya faɗa mana nawa kowane shiru ke ci masa.
Bakin sanda na gyaɗa kai, gyaɗa kai,
kamar mai jin wa'azin da ya haddace.

Can sai gyaɗawar ta zama rawar ɗari.
Ɗan kifi ya ga abin da ba mu gani ba.

Kwarkwaron zare ya yi ƙara, numfashi ɗaya tak,
sai lagwab.
Na naɗo. Rabin kifi ne ya dawo,
an yanke shi daidai tsakanin ƙugiya da ƙugiya,
kan yana buɗe baki, bai ji labari ba tukuna.
Likita ya gyara tabarau, ya duƙa:
shekara talatin ina wannan aiki,
hannuna bai taɓa fitar da yanka haka ba.
Daga nan bai ƙara zancen kuɗi ba.

Na biyu haka. Na huɗu ko kan bai dawo ba.
Na takwas na matsar da ƙugiyar baya da faɗin yatsa biyu.

Ita ce.
Zare ya tsaga ruwa yana feshi,
kwarkwaro na kuka kamar an taka jela,
likita na kiran sunan uwarsa da Fotugis.
Ta tafi, ta juyo kanmu, zare ya saki ciki,
Kawu ya taka inji a karon farko tun asuba:
naɗa! naɗa, bawan Allah!

Da ta taso gefen jirgi,
doguwa ce kamar ƙyauren ɗakinmu,
ratsin shuɗi na kunnuwa yana mutuwa a jikinta.
Na sa ƙugiyar hannu. Kawu ya sa kulki.
Kafin a ɗauko kyamara launin ya tafi,
ta koma kalar tsohon kwano.

Anselmo ya miƙa hannu zai buɗe mata baki,
halin sana'a.
Kawu bai ce komai ba,
ya ɗaga hagunsa kawai: yatsu huɗu da guntu.

A hanyar gida saura uku a randa,
har yanzu suna neman ƙofa.
Na kwashe su da bokiti, na juye a teku.
Kawu ya yi ihu: na gobe ne!
Na nuna masa kunnena, na nuna inji.