Hulata Na Ciki

Ranar da ta iso Damagaram a bayan tirela,
lulluɓe da farin yadi kamar ana kishin rana ta gan ta,
ni Mutari mai riɗi na tsaya a Zango, hannu a aljihu,
ina jin yara na gardama: ina bututun hayaƙinta?
Ba ta da shi. Ba ta tari, ba ta gurnani.
Haka nake ratsa Kasuwar Dole kamar inuwar gajimare,
sai mai amalanke ya waiwaya ya yi salati.

Lawali wakilin kamfani ne ya rako ta daga Yamai,
turarensa na riga shi shiga zaure.
Ya ce, "Alhaji, ba mota ka saya ba, dangi ka shiga."
Ya ba ni lambarsa ta gida. Ya riƙe sunan autata.
Da salla har kwandon dabino ya aiko,
da kati mai hoton tsuntsun da ke goshin motar.

Wata goma sha huɗu muka yi lafiya.
Sai wata Talata da la'asar, a gindin duwatsun Birni,
na fito in gaisa da wani,
allonta ya yi ja,
hannun ƙofa ya shige jikinta kamar kan kunkuru
ya ƙi fitowa.
Ni a waje, hulata a ciki.
Tsohuwar akori-kura mai tusar baƙin hayaƙi
ita ta ja ta gida, gari na kallo.

Na kira Lawali, ya ce jibi.
Jibi ya ce kayan na bisa teku.
Bayan wata ya ce, "Jirgin ruwa ne, Alhaji, ba jaki ba."
Daga nan wata mata ke ɗauka,
murya sanyi kamar ruwan randa,
in latsa ɗaya, in latsa uku, in yi haƙuri,
wai kirana na da daraja a wurinsu,
ta sa mini kiɗa har kuɗin wayata ya ƙare.

Kiyari makaniki ya zagaya ta sau uku da sifana,
ya kwanta ƙasa, ya tashi, ya kaɗe wando:
"Wannan ba ta da hanji. Ina zan sa hannu?"

Na hau bas, asuba zuwa dare.
Gidan gilashin da na sha gahawa bisa kujerar fata,
buhunan shinkafa ne ciki har rufi.
An ɓamɓare tsuntsun daga bango,
sai shatinsa, inda fenti bai koɗe ba.
Mai gadi ya matsa mini benci:
"Kai ne na bakwai wannan wata.
Jiya wata likita ce daga Maraɗi.
Ba ta ce uffan ba,
takardun garanti take ta jerawa a cinya."

Kar in yi ƙarya, kuɗin na ci mini rai,
riɗin damina uku ne.
Amma dabinon ya fi tsaya mini a wuya,
don na ci, na kuma rarraba wa maƙwabta.

Zuwaira ce, 'yar ƙanena mai haɗa faifan hasken rana,
ta shiga ƙarƙashinta da fitila a baki,
ta fito da ƙasa a goshi tana dariya:
"Baba, zuciyarta na da rai, ƙafa ce babu."
Kwana tara tana jan wayoyi daga rufi zuwa ɗakin girki.

Yanzu in bazara ta matsa, wuta ta ɗauke,
layinmu duka a ƙofata suke da kwano da dala-dala,
ƙanƙara suke saya.

Ni kuwa kabu-kabu nake hawa zuwa sito.
Da safe nakan goge gilashin da hannun riga,
in leƙa.
Tana nan bisa kujera, inda na ajiye ta,
ko ƙura ba ta taɓa ta ba.