Katifar Saman Mota

Ni ke tuƙa likitan dabbobi daga Tawa
zuwa rijiyoyin da ke bayan Abalak.
Shi yakan sami ɗaki in gari ya yi kara,
ni ɗakina na bisa kan mota:
tanti mai naɗewa, tsani mai hawa bakwai,
da katifar da kaurinta bai kai yatsa uku ba.

Daren farko ta yi mini kunya.
Dare na uku ƙuguna ya gaisa da ƙarfe,
suka kwana suna hira, ni ina saurare.
Na ƙirga ƙusoshin da ke ƙarƙashina da haƙarƙari,
goma sha biyu ne, ban taɓa ɓata lissafi ba.
Da asuba in na ɗaga ta
sai in tarar da raɓa ta kwanta a ƙasanta,
ta fi ni samun barci.

Tsahara ta ga yadda nake sauka daga mota
kamar tsohon raƙumi mai neman durƙusawa.
Ta ce, “Mutum da gadonsa a gida,
ya tafi sama yana kwanan tsuntsu.”

Ran Lahadi na shiga kasuwa wajen Nomau mai katifa.
Allura a baki, auduga a gemu,
ya latsa tawa da babban yatsa, ya yi tsaki.
“Wannan ba katifa ba ce, wasiƙa ce.”
Na ce a cika ta, a ƙara, a sake ƙarawa.
Ya dube ni. Ya cika.
Jikka shida na biya ban nemi ragi ba.

Ta yi tudu kamar kushewar mai dukiya.
Na hau na miƙe, na ce yau na zama mutum.
Sai da na zo rufe tanti,
murfi ya ce bai san zancen ba.
Na danna, yaron gareji ya hau ya zauna,
muka kira Hankurau mai faci, shi ma ya hau.
Mu uku bisa mota, rana tsaka,
masu kabu-kabu na tsayawa kallo.

Na koma wa Nomau da ita a ka.
Bai yi dariya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.
Ya farke gefe, ya zare rabin abin da na saya,
ya bar tudu kaɗan inda ƙugu ke sauka,
kaɗan kuma inda kafaɗa ke neman wuri.
Ya ce, “Shimfiɗa tabarmar kaba a ƙasa, iska ta ratsa.
Da safe ka buɗe, rana ta sha rabonta.
Jiki ba ko’ina yake roƙo ba.”

Sauran gyaran a gida na same shi.
Tsahara ta jawo buzun mahaifina daga bayan akwati,
wanda ya yi shekara talatin yana bin shanu da shi
bai taɓa cewa ƙasa ta yi tauri ba.
Gashin ya ƙare a tsakiya, daidai gwiwoyinsa.
Na ɗora shi a sama. Murfi ya rufu.

Jiya mun kwana a bakin tabkin Tabalak.
Kwaɗi na ta shari’arsu, iska na taɓa zanen tanti.
Na nemi ƙusoshina goma sha biyu,
ban sami ko ɗaya ba.
Ƙamshin fata, da ɗan hayaƙin da ya riƙe tun tuni.

Likita ne ya buga tsani da sanda,
rana ta riga ta hau,
shanu ɗari na jiran allura.