Lissafin Damisa

A kan murfin mota muka shimfiɗa taswirar,
a garejin Fuseini, can Suame.
Ya danne kusurwa ɗaya da sufana,
ɗaya da kofin shayin da ya huce.
Yatsansa ya bar ɗigon baƙin mai daidai kan duwatsun.
Na ce: ka ɓata mana hanya.
Baba ya ce: ɗigo? To ai ita ce, har ta fito.

Shekara arba'in da ɗaya
Baba Dantani yana jan labari guda:
daren da ya ɗauki goro zai yi arewa,
giya ta ƙi shiga a tsakiyar hawa,
ya sauko da tocila yana zagin motar,
sai ga ido biyu bisa falalen dutse,
ba sa ƙiftawa,
wutsiya na lilo, ba ta gaggawar kowa.
Yaron mota yana barci. Babu shaida.
A majalisar Aboabo har suna suka sa masa,
wai Mai Kyanwa.

Ni ce mai riƙe da littafi.
Na rubuta: mai, sidi kaza.
Kwana uku a masauki, sallamar ɗan jagora,
gari da shito, maganin hawan jini,
tayar aro daga wajen Kwabena
wanda ya ce in ta fashe kada mu dawo Kumasi.
Kuɗin adashena ne, na sabon keken ɗinki.
Keke zai jira.
Likita ya ce idon ne ba zai jira ba.

Na kira ɗan jagoran,
muryarsa na tsinkewa kamar daga cikin kogo.
Ya ce ku zo da rani, in ciyawa ta kwanta,
ku fito kafin assalatu, ban da turare,
kuma kada tsoho ya yi tari.
Na dubi Baba. Baba ya yi tari.
Ya ce rema kam za ku gani har ku gaji,
gwaggon biri zai sace muku burodi.
Na ce ita fa?
Ya yi dariya: Hajiya, damisa ƙi sabo.
Bara sawunta kawai na samu a bakin ruwa.
Hanya nake sayarwa, ba alkawari ba.

Fuseini ya fara naɗe taswira.
Ya ce asara ce, Adiza.
Mutumin da ba ya gane ni sai na yi magana,
shi za a kai ya hango abin da ya fi inuwa ɓuya?

Baba ya laluba ya kama hannunsa.
Wa ya ce maka gani zan je yi?
Na gani tun ba a haife ka ba.
Ku nake so ku gani.
In kun gani, ta rubuta a littafin nan,
can ƙasan kuɗin mai,
mu kai wa Malam Gambo ya karanta da bakinsa.
Shi kaɗai ya rage cikin masu dariyar.

In ba ta fito ba fa?

Sai ku zaunar da ni a kan dutse, ku yi shiru.
Kukanta kamar zarto ne a ɗanyen katako.
Likita bai ce komai a kan kunnena ba.

Saura kwana goma sha tara.
Jakarsa tuni tana bakin ƙofa,
tocilar nan a sama, an sa mata sabon batir.
Yau da asuba kafintan bayan gidanmu ya soma aiki,
zarto na shiga, yana fita.
Na leƙa ɗakin Baba.
Yana zaune bakin gado, kai a karkace,
ya ɗaga mini yatsa ɗaya
kada in yi motsi.